Rumfar Baba Cillo a Kan Taswira

Na jera Damagaram a allon kwamfuta,
kowane wuri da layinsa,
da sunansa, da lambobin inda ya dafa ƙasa,
sai gurbi guda a ƙarshe, na kira shi iri.

Famfon Birni, na ce ruwa.
Likitar Sabon Gari, na ce lafiya.
Injin niƙa na bayan Kasuwar Dole, na ce abinci.
Ɗigo ya yi ta sauka, shuɗi, ja, ruwan ɗorawa,
na miƙe ƙafa, a zatona aiki ya ƙare.

Sai ga rumfar Baba Cillo a Garin Malam.
Da asuba ruwa yake sayarwa a jarka,
da hantsi wayoyi sha biyu na shan wuta a teburinsa,
bayan la'asar matarsa Magaram tana gyaran targaɗe,
in akuya ta ɓace kuma, nan ake kai cigiya.

Na sa shi a ruwa, masu neman caji suka rasa shi.
Na rubuta shi sau uku,
ɗigo uku suka hau kan juna kamar faifai.
Ranar da ya sake lambar waya
na gyara biyu, na manta guda,
wata ta kira ta samu mai faci a Mirriya.

Daren da wuta ta ɗauke, batir saura ƙiris,
na rushe gurbin nan.
Wurare na ba su takardarsu, kowa da lambarsa,
ire-ire ma tasu daban,
ta uku dillaliya ce, ba ta da kaya,
haɗa wannan da wancan kawai ta iya.

Saura ƙananan kalmomi biyu.
Na ce ruwa ko wuta,
gari ya cika kamar an watsa wa kaji gero.
Na ce ruwa da wuta,
duk suka ɓuya, saura bakwai,
nasa na tsakiya, yana ƙyafta ido.

Na kai masa ya gani.
Ya riƙe wayar nesa da fuska, ya daɗe,
ya ce, ’yata, ina inuwa?
Rabin masu zuwa nan ita ke kawo su.

Na ƙara layi guda.
Gobe zan fita ƙirga bedi,
daga nan har gindin duwatsu.