Babur Ɗin Fada Atinga

Har yau yana jingine a bayan shagona a Suame,
babur ɗinka mai launin toka,
da robar da ka ɗaure madubi da ita.
Ka ce, "Duba min birki, Tanimu, ran Talata zan zo."
Yau Talata bakwai ke nan.
Na gyara birki, na sauya mai, na hura taya.
Makullin yana aljihuna, yana kaɗawa cikin canji.

Ina ɗan shekara goma sha uku
ka same ni a Kejetia ina dakon doya.
Ka miƙo takarda, ka ce in karanto maka lambar mota.
Na juya ta sama, na juya ta ƙasa,
na ce idona ne ke ciwo.
Ba ka yi dariya ba.
Ka ce, "Irin wannan ciwon, maganinsa na Asawase,
ɗakin kwano na gefen coci, da la'asar sakaliya."

Sau uku Baba yana cewa a'a.
Sai ga ka da kanka, ka tuɓe takalmi a bakin ƙofa,
ka zauna kan tabarma da farar rigarka,
ka karɓi goro ka ɓantara.
Da Hausarka ta Bolga mai ɗingishi,
wadda ba ta san "shi" daga "ita" ba,
ka ce, "Alhaji, alli kawai zan ba yaro.
Addininsa yana hannunka."
Baba ya daɗe yana kallon tafin ƙafarka, duk faso.
Ya ce, "Wannan ƙafar ta talaka ce. Ya je."

Mu ashirin da biyu ne kan benci biyar,
Frafra, Dagomba, Asante, da mu 'yan zango.
In ruwa ya kece a kan kwano
sai ka bar magana, ka koyar da hannu.
In ladan ya kira magariba
ka ajiye alli ko da tsakiyar kalma ce:
"Ku je, kalmar ba ta da ƙafa."
Buta biyu ka saya mana da kuɗinka.
Muna dawowa mu tarar da kai a kan dakali
kana jan naka carbin, ido a rufe.

Ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba.
Kana da zafin rai a kan makara,
kunnena na hagu shaida ne.
Muryarka a waƙa, ko akuya sai ta bar wurin.
A dara kuwa, Allah ya yafe maka, kana sata.
Amma daren da Ladidi ta haihu jini ya ƙare mata,
kai ka naɗe hannun riga a asibiti.
Tana nan da jikoki uku,
tana cewa ita ma 'yar Bolga ce ta jini.

Ranar jana'izarka na tsaya a can baya da hulata.
Ban san waƙoƙinsu ba, na yi shiru.
Aka kawo littafin ta'aziyya,
na riƙe biro da hannu mai baƙin mai,
na rubuta sunana.
Har yanzu harafin farko a karkace yake,
yadda ka yi shekara biyu kana faɗa a kai.
Na jira a ja min kunne.

Kullum da safe, kafin yara su buɗe shago,
nakan tayar da injin don kada ya kwanta.
Yakan yi tari sau biyu, kamar kai kafin ka fara darasi,
sannan ya kama.
Sun ce wani saurayi ne ke riƙe da ajin yanzu,
a ƙafa yake zuwa tun daga Aboabo.
Zan kai masa makullin.
Amma ba gobe ba, Fada.
Gobe Talata.