Famfon Garin Malam

Kwana tara famfonmu na tari, ba ya tofi.
Cima ta ɗauki hoton jarkoki
sun yi sahu kamar masu jiran liman,
ta watsa a waya.

Kafin la'asar mutum ɗari huɗu sun ce tir.
Muka sa rana: Talata, ƙofar magajin gari.

Da dare wata murya ta shigo, ba suna, ba fuska,
wai 'yan siyasa suka saya wa Cima waya.
Ni kuwa a gabana ta sayar da tunkiyarta.

Talata muka je, mu bakwai,
har da Ma'azu ɗan ga-ruwa, wanda ko waya ba shi da ita.
Sauran suna fada, shayi na tafasa,
suna turo mana babban yatsa.