Ɗinkin Baba Lawandi

A bayan Taminus, kusa da masu gyaran agogo,
akwai rumfar Baba Lawandi mai hayar littafi.
Naira hamsin, kwana uku.
In ka ɓatar ka biya, ba ya jin magiya,
ko ɗan ƙanwarsa bai taɓa ɗaga wa ƙafa ba.

Ni mai gadi ne a gidan mai na Farin Gada.
Sanyin Jos ba ya tsoron bargo,
da littafi nake lulluɓa.
Mutum biyu ke taya ni gadi,
ko ɗayansu bai taɓa karɓar albashi ba.

Akwai Sufeto Dangana, tsohon ɗan sanda,
ɗingishi a ƙafar hagu, goro a kunci,
littafi tara yana bin sawun mutum ɗaya,
yana tambaya kamar mai tayin akuya.
Bai taɓa gudu ba, ba a kuma taɓa tsere masa ba.

Akwai Chundung 'yar jarida,
ta wani marubucin daban, can wajen Bukuru.
Babur ɗinta ja, bakinta reza,
ta haura katangar attajiri a Rayfield
da kyamara ƙunshe a zanin goyo.
Ba ta san sallama ba, ba ta san a bari sai gobe ba.

Gari ɗaya suke, ka ji abin haushi.
Shi ya tsamo gawa a tafkin kuza,
ita ta ɗauki hoton tafkin a littafi na huɗu,
duka ranar Talata, na lissafa da kaina.
Na ce da Baba, me zai hana su gamu?
Ya ce, masu alƙalamin ma ba sa gaisawa,
kowa da unguwarsa tun shekarar hayaƙi.
Hanyar jirgi daban, ta mota daban, ba ka sani ba?

Sai ruwan Agusta ya yaye kwanon rumfa.
Littattafai suka sha, bango ya saki.
Baba ya shanya shafuka a tabarma kamar kuɓewa,
ya bi su da zare da basilla,
tabaraunsa a tsage, bai sake wani ba.

Na karɓi Dangana na bakwai.
Daren Laraba, ƙarfe biyu, shafi na sittin:
Sufeto ya ja ƙafa ya hau bene,
ya tofar da tuƙa,
ya ƙwanƙwasa ɗaki mai lamba shida.
Na lashi yatsa, na juya.
Chundung ta buɗe ƙofa, ta ce, "Ka makara."
Wallahi sai ga ni tsaye,
tocila ta faɗi, kare ya kama haushi,
tanka na ta oda a bakin famfo, ban ji ba.

Shafi goma sha ɗaya suka yi tare.
Yana tambayar wa ya ga direban,
tana amsawa da lambar mota.
Sunan mamacin ya canza sau biyu,
daren ya koma rana ba a yi asuba ba,
na ce ku dai ci gaba.
Haruffanta ƙanana, nasa manya,
tafiyar mai babur da ta mai sanda,
amma ɗaya bai bar ɗaya a baya ba.

Da safe na nuna wa Baba.
Ya riƙe baki, ya zaro reza zai farke.
Na kama hannunsa: nawa ne kuɗin ɓata?
Ɗari takwas, tuwona na kwana biyu.
Yanzu yana aljihun kwat ɗina, zaren na sosa mini ƙirji.
Wani a garin nan yana riƙe da ɗaya rabin,
inda Sufeto ya faɗa cikin labarinta da sandarsa.
Ko wace unguwa yake, ina cigiya.
Ya zo da nasa, shayi a wuyana,
don har yau ban san wanda ya yi kisan ba.