Farar Rigar Antwi

Ni na ɗinka rigar, a shagona na Aboabo,
farin yadi kamu biyar, ba aljihu, ba ado.
Opanin Antwi ya biya lakadan,
ya ce, "Alhaji, ran Asabar zan shiga ruwa."
Asabar ta zo ta wuce.
Riga ta shekara goma sha tara a ƙusa, bayan kekena.

Shi ya fara tara su tun ba su da suna,
a rumbun koko, can gangaren Asafo,
da littafi guda da ya iso ta gidan waya,
bangonsa duk ya jiƙe.
Mutum bakwai, sai talatin, sai benci ya kasa.

Da manyan suka iso daga Amurka,
sunayensu maƙale a ƙirji,
suka ƙirga kujeru, suka yaba,
suka ƙirga matansa, suka yi shiru.
Afrakoma ce ta fari, Dufie ta biyu,
tukunya ɗaya, 'ya'ya tara,
turmin sakwara guda, wannan na kirɓawa, waccan na juyawa.

Aka ce ɗaya, ko babu ruwa.

Kumasi ta sha gardama a shekarar nan.
Wani malamin makaranta ya ɗago tsohon littafi:
"Kakanninku na Yuta fa? Har ashirin wani ya ajiye!"
Suka ce an ɗage wannan tun zamanin da,
umarni ya sauka, ƙofa ta rufe.
Ni da nake da uku, aka zo neman bakina,
na ce ban san dawan garin ba,
tela ba ya yanka rigar da bai auna ba.

Antwi bai ɗaga murya ba.
Ya ce, "Wadda zan sallama, ku nuna min laifinta."
Ba wanda ya nuna.
Sai ya koma bencin baya a ɗakin da ya gina,
yana jera kujeru da asuba,
yana share ganyen mangwaro,
yaran da ya koya wa addu'a suna wa'azi a kansa.

Duk ƙarshen shekara yakan leƙo:
"Asu bai ci ba?"
In ce bai ci ba.
Mu raba goro, ya tafi.

Afrakoma ta rasu da damina.
Dufie ce ta fi kowa kuka.
Bayan arba'in ya zo karɓar riga,
sai da na rage kafaɗa, na ɗage hannu,
mutumin ya zube a ciki.

Suka naɗa shi shugaban reshe da furfurarsa.
Ya je Ankara, babban ɗakinsu mai hasumiya,
ya dawo yana dariyar da ban gane ba:
"Alhaji, wai a can sama duka biyun nawa ne.
A nan ne kawai lissafin ya ƙi."

Makon jiya wani direba daga Tafo
ya je ofishinsa, mata biyu na jira a mota.
Ban san me suka ce ba.
Da yamma dai Antwi ya kawo shi shagona,
ya ce, "Auna shi.
Ka samo yadi mai jure rataya."