Zuriyar Ɗan Baƙi

Ni ne Jatau na bakin kogi,
ƙauyenmu kudu da Mai Wurno.
Gonata dawa, gefenta riɗi,
sauran arzikina akuya.

Bunsuru guda na gada gun Baba,
Ɗan Baƙi, mai gemu har ƙirji.
Kakan kakansa, in ji tsofaffi, da ƙafa ya zo
bayan ayarin masu niyyar Makka
da suka yada zango nan, suka fasa tafiya.

Shekara bakwai shi ke da garken.
Ya bi uwa, ya bi 'yarta,
ya bi jika, ni ko ina taƙama:
jini guda, ba gauraye, tsantsar zuriya.

Sai 'ya'yan suka soma zuwa ƙanana,
ƙafafu kamar sillen kara,
wani ba ya ganin kwana uku.
Kyalla ta yi ɓari daren Laraba,
na kwashe tayin da tafin hannuna,
na jefa wa karnuka bayan danga,
na ce kambun baka ne, sharrin duniya.

Asabe ta kwanta, zazzaɓin dare,
gumi sharkaf, gaɓoɓi na sara.
Ita ke tatsa, ita ke kurɓar
madara da ɗuminta daga ƙwarya.

Ran kasuwa Daktora Intisar ta sauka
daga Sinja, a bayan akori-kura,
takalmin roba, Hausarta guntu-guntu.
Ta buɗe bakin Kyalla, ta ƙirga haƙora,
ta ja fatar ido, fari fat.
Ta shanye jabana, ta kife finjali,
sannan ta jefo mini tambaya:

"Wa ya haifi wannan?" Ɗan Baƙi.
"Uwarta fa?" Ɗan Baƙi.
"Kakarta?" Na sunkuyar da kai.
Yara a bakin zaure suka kwashe da dariya.

Ta ce, "Tafkin da ba ya karɓar sabon ruwa
kansa yake sha har ya ƙafe.
Nemo namiji daga nesa.
'Yar da ba ta cika ƙashi ba, raba ta da shi,
kar yarinya ta ɗauki kayan babba.
Mai ciki a ba ta harawa da tunkuza,
kanwa a gefe, ga maganin tsutsa.
Abin ɓari a haƙa rami a binne,
hannu cikin leda, har da mabiyiya.

Madara kuma sai ta tafasa.
Matarka asibiti, yau, ba gobe ba."
Na so in yi musu, na tuna hannuna,
na tuna ƙwaryar, na haɗiye magana.
Ɗaci gare ta, gaskiya.

Na shiga kwalekwale na haye gabas
wurin Babikir Tanko, mai jan bunsuru,
kunnuwa har suna sharar ƙasa.
Aron wata biyu, buhun dawa ɗaya.
Ya yi ta fitsari a jirgin, matuƙi na zagi,
ni ina riƙe da igiya.

Ɗan Baƙi fa? Ban iya kai shi kasuwa ba.
Na riƙe masa kai, na kau da fuska,
aka yi masa fiɗiya.

Wata biyar jikata Zulai na jan layi
a bayan littafinta na lissafi.
Daren cikawa hadari ya taso,
Kyalla ta durƙusa ƙarƙashin rumfa.
Na farko ya faɗo, ya yi atishawa,
na biyu ya zo da ƙafar baya.
Asabe, da sandarta, ta haska fitila,
na sa leda, na juya shi a hankali,
na ɗiga aidin a kan cibiya.

Kafin asuba duk sun miƙe,
jajaye, kunnuwa sun fi su tsawo,
suna tunkuɗar hantsa kamar masu bin bashi.
Tsohon taure ya leƙo ta kan danga,
ya shinshina, bai san su ba,
ya koma tuƙarsa, ya ba mu baya.