Awon Haske a Gubi

Babana ma'auni ne a kasuwar Muda Lawal.
Mudunsa ya yi baƙi, bakinsa ya suɗe don tsufa.
In ya auna gero ya juye a buhu
geron na nan, ko sau goma za ka sake awo.

Ni haske nake aunawa,
a ɗakin da muka toshe wa tagogi da baƙin ƙyalle.
Istifanus ya kashe fitila, ya cusa tsumma a ƙasan ƙofa.
Muka rage hasken na'ura, muka rage, muka ƙara ragewa
har ya bar kwarara kamar ruwa,
ya koma zuwa ɗaiɗai, kamar tsabar da kaza ke tsinta.

Madubi ya raba hanya biyu.
A ƙarshen kowace, idon ƙarfe na jira.
Ƙwas. Hagu.
Shiru.
Ƙwas, hagu kuma. Ƙwas, dama.
Ƙwaya ɗaya ba ta sallama a ƙofa biyu,
amma lissafi ya rantse
kafin ta iso ba ta zaɓi ƙofa ba.
Tambayarmu ce ke matsa mata ta amsa,
amsar kuwa ita ce ajalinta.

Don haka sai 'yan'uwanta, dubu bayan dubu,
uwa ɗaya uba ɗaya,
kowace tambaya guda, ta amsa ta wuce.
In juya kusurwa kaɗan, in sake daga farko,
kamar mai neman siffar dutse
daga inuwarsa ta hantsi, ta azahar, ta la'asar,
bai taɓa ɗaga kai ya ga dutsen ba.

Wani sa'in idon kan yi ƙwas alhali ba kowa.
Istifanus ya ce zafi ne ke sa shi mafarki.
Mafarkin ma mukan rubuta shi, mu ɗebe daga jimla.

Ran Asabar na je rumfar Baba.
Ya ce, "Dije, nawa kika auna a makon nan?"
Na ce dubu arba'in da 'yan kai.
"Suna ina?"
Na miƙa masa takarda, layi ne ya hau ya sauka.
Ya juya ta, ya duba bayanta,
ya yi dariya har da tari.

Sannan ya cika mini mudu, ya tsayar da tozo,
ya damƙo wani da hannu ya watsa a leda.
"Gyara," in ji shi.
"Ku naku awon ko ita babu."