Ragon Dutse a Tafin Hannu

A Zango, bayan tsohon gidan sinima
inda yanzu ake jibge buhunan wake,
Tsahiru na narka tagulla.
Kakin zuma yake fara murzawa,
ya ja ƙaho, ya lanƙwasa shi baya,
ya zubo gemu har ƙirji,
ya lulluɓe da yumɓu da kashin jaki.
Bai taɓa ganin dabbar da rai ba.

Abin da muka gani, muna 'yan shekara tara,
farin bango ne, haske na rawa a kai:
masu yankan iyaka, huluna kamar ƙwarya a kife,
suna kafa ƙarfe tsakanin gona da rijiyarta.
Wata murya na bayani da harshen da ba mu ji,
mu kuwa muna ɓare gyaɗa.
Sai hoto ya yi tsalle arewa,
kamar mai ɗauka ya gaji da mutane,
ga duwatsun Tarmit baƙi ƙirin,
ga shi tsaye a kan tsauni.
Numfashi uku. Ya juya.
Fim ya tsinke.
Muka yi ihu, muka jefi bango da ɓawo.

Kakansa na ciki, in ji innarsa,
shi ne mai jan sarƙar awo,
sai dai ƙeyarsa kaɗai aka nuna
da gumin da ya jiƙa wuyan riga.
Ba a rubuta sunansa ba.
Ragon ma ba wanda ya tambaye shi
ɓangaren wa ya faɗa.

Yanzu wani dillali daga Yamai
na kwasar goma-goma, jikka uku kowanne,
ya buga lamba ƙarƙashin kofato.
Wai can ƙetaren teku akwai masu jera su cikin gilashi,
sun fi son mai karkataccen ƙaho.

Na ce, Tsahiru, direbobin Gure sun ce
sun daina ganin sawunsa a bakin ruwa.
Bai tanka ba.
Ya fasa yumɓun, ya hure toka,
ya ɗaga shi cikin hasken la'asar
har kofato ya hau kan duwatsun Birni,
ya kanne ido ɗaya, ya daɗe.

Ya ce, ƙafar bayan nan ce
shekara arba'in ban gane ta ba.
Da ita ya juya,
kuma daidai nan aka ɗauke mana haske.